Cukun Kurfai da Jami'ar Bakin Kogi

Ranar da aka yi shelar sakamakon jarrabawar bak a Filinge, wata yarinya daga wani ƙauye na arewacin garin ta ji an kira sunanta cikin waɗanda suka yi nasara. Ita ce mace ta farko a zuriyarsu da ta kai wannan matsayi. Shekara bakwai ta yi a Filinge, huɗu a kwaleji, uku a lise, tana zaune a gidan gwaggonta, tana ɗebo ruwa da asuba kafin ta rataya jakar littattafai. Bayan ƴan makonni sai labari ya zo cewa an ba ta gurbi a jami'ar Tilaberi, a fannin sarrafa abinci. Da maraice ta iske mahaifinta yana ɗaure maruƙa, ta durƙusa ta gaya masa.

"Baba, an tura ni jami'ar jiharmu."

"Ta jiharmu? To, madalla. Ke nan ba ki zuwa Yamai."

"Sai na bi ta Yamai, Baba, in wuce ta, sannan in kai."

Tsohon ya gama ƙulla igiyar da ke hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗiyata, wace irin rijiya ce za a ce taka ce, amma sai ka wuce ta maƙwabci kafin ka kai bakinta?"

Tambayar tsohon ba ta rashin sani ba ce, domin taswira tana bayansa. Daga Filinge zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 180 ce, ta Baleyara. Daga Yamai zuwa garin Tilaberi kuma akwai kamar 115, ana bin gaɓar kogin Isa. Jihar Tilaberi mai gundumomi 13 ta kewaye babban birnin ƙasa kamar yadda zobe ke kewaye yatsa, kuma manyan hanyoyinta a Yamai suke haɗuwa. Saboda haka ɗan Kurfai da aka ce ya tafi jami'ar jiharsa, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 300, alhali jami'ar ƙasa tana kan hanyarsa, yana ganin gadar da ke kaiwa gare ta. Wanda ya fito daga Abala ko Sanam, tasa tafiyar ta fi haka ma.

Duk da wannan, wanda ya san yadda al'amarin yake a da ba zai raina abin da aka samu ba. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Idan aka ɗebe jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta ƙasashen Musulmi ce baki ɗaya, shekaru fiye da 30 ƙasar Nijar ta yi da jami'ar gwamnati ƙwaya ɗaya tak. Ɗan Difa, da ɗan Agadas, da ɗan Damagaram, kowa sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi Yamai, a cunkushe a ɗakunan karatu, a cunkushe a ɗakunan kwana. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha a Maraɗi da Tawa da Damagaram a matsayin rassan jami'ar Yamai, suka zama jami'o'i masu cin gashin kansu a 2010. A 2014 kuma doka ta kafa wasu huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, har ya kasance kowace jiha tana da tata. An ba kowace ɗaya fannin da ake ganin ya dace da ƙasarta. Ta Tilaberi aka ɗora ta a kan noma da sarrafa abinci, daga baya aka ba ta sunan Bubakar Ba, masanin lissafi wanda shi ne shugaban farko na jami'ar Yamai. Niyyar a fili take: a kai ilimi inda mutane suke, a kuma sa shi ya dubi buƙatunsu.

Sai dai tsohon da ke ɗaure maruƙa bai san waɗannan shekaru ba, kuma ba su ne ma'auninsa ba. Yana da nasa ma'auni, wanda ya samo daga abu biyu da ya gani da idonsa.

Na farko shi ne gandun Tukunus. Kimanin kilomita 20 arewa da Filinge akwai wannan gandu na binciken kiwo, mai faɗin fiye da hekta 4,000, inda tun 1954 ake zaɓe da renon shanun Azawak, jajayen shanun nan masu yawan madara da jurewa fari, waɗanda sunansu ya tsallaka har Mali da Burkina Faso. Ba a banza aka aje su a nan ba, domin Dallol Boso, kwarin da Filinge take cikinsa, ci gaban kwarin Azawak ɗin ne da ya gangaro daga arewa. A shekarun 2000 malaman sashen noma na jami'ar Abdu Mumuni, tare da takwarorinsu na jami'ar Torino ta Italiya, sun yi aikin ɗura wa shanu iri a wannan gandu, ɗalibai kuma suna zuwa koyon aiki. Ke nan tun kafin a yi maganar jami'ar jiha, ƙafar jami'a ta riga ta taka ƙasar Kurfai. Tsohon bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, amma ya taɓa mallakar ɗan bijimi da ya fito daga jinin Tukunus, kuma ya ga yadda ƙwaryar tatsa ta ƙara nauyi a hannun matarsa bayan ƴan shekaru. Wannan ilimi ne da ya shigo garkensa da ƙafa huɗu, bai buƙaci tafinta ba.

Na biyu kuwa shi ne baƙi masu littafi da alƙalami. Tun yana saurayi suke zuwa ƙauyen, daga wurare dabam-dabam, musamman bayan kowace shekarar wahala: bayan farin 1973, bayan na 1984, bayan yunwar 2005. A shimfiɗa musu tabarma, a kawo musu fura, su tambayi yawan damman geron da aka samu, da yawan dabbobin da suka mutu, da abin da ake ci idan rumbu ya ƙare. Mutane su amsa da Hausa, baƙin su rubuta da Faransanci, su yi godiya su hau mota. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ya tabbata cewa amsoshin nan sun zama littattafai a wani wuri, wasu ma sun zama digiri, amma ko shafi ɗaya bai taɓa dawowa an karanta masa ba.

Da waɗannan biyun ya auna maganar ɗiyarsa. Kwana uku yana juya ta. A gefe guda akwai mai neman aurenta, ɗan mutunci, danginsa suna jiran amsa. A ɗaya gefen akwai nisa, da kuɗin mota, da labaran rashin tsaro, domin tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jihar, har da Abala da ke maƙwabtaka da su. A rana ta huɗu ya kora karsana ɗaya zuwa kasuwa. Da ya dawo ya miƙa mata kuɗin a gaban mahaifiyarta, ya ce: "Ki tafi. Sharaɗina ɗaya ne. Duk abin da aka koya miki, in kin dawo ki gaya mini shi da bakinki, yadda zan gane. In ba ya faɗuwa da Hausa, to na san karsanata ta tafi a banza."

Tilaberi wata duniya ce ga ɗiyar Kurfai. Ta taso a ƙasar gero da wake da rijiyoyi, inda dankalin Bonkuku shi ne abin alfaharin noman rani, sai ga ta a bakin kogi, tsakanin fadamun shinkafa da jiragen masunta, cikin zafin da ko mutanen Yamai suna ba da labarinsa. Zabarmancin da ta tsinta a kasuwar Filinge ya yi mata rana. A can ta ga da idonta abin da jami'a take yi wa garin da ta sauka. Mai ɗaki ya sami ɗan haya, mai tuwo da mai shayi sun sami ciniki, ɗan kabu-kabu ya sami fasinja, yaran unguwa sun sami masu yi musu bitar darasi da dare, manomin shinkafa ya sami ɗalibin da zai duba masa abin da ke cin ganyen shukarsa. Abu mafi girma, ƙananan ƴan mata na garin suna ganin yayyensu suna wucewa da littattafai kowace safiya, har abin ya daina zama abin mamaki. Duk wannan alheri ne na gaske. Amma alheri ne irin na inuwar gawo: wanda ke gindinsa shi ke shan ta. Ba ta kai Shikal, ba ta kai Luma, balle ƙauyen da ke bayan Tukunus. Abin da zai iya yin wannan tafiya mai nisa shi ne abin da ɗalibi ya ɗauko a kansa.

A hutun shekarar farko ta dawo gida da ɗokin cika alkawari. An koya mata cewa ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ciki har da ta tarin fuka, da wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari, mai sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, har a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro ba a ga sauƙi ba. Mahaifiyarta kuwa da cuku take riƙe da gida. Takan ɗauki madarar da aka tatso da ɗuminta, ta zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya mai shan nono a ciki, madarar ta kama, ta shimfiɗa ta fale-fale a kan ɗan asabari, ta tsane ruwan, ta shanya a rana. Da kuɗin cukun nan aka sayi littattafan kwaleji da na lise.

Yarinyar ta tsaya a kan mahaifiyarta da murya irin ta sabon malami, ta ce, "Inna, daga yau sai an tafasa madarar nan kafin a yi cuku." Uwar ba ta yi gardama ba. Ta ɗora tukunya, ta tafasa madarar, ta bari ta huce, ta zuba ruwan tumbin, ta tura ƙwaryar gaban ɗiyarta. Suka jira. Madarar ta ƙi kamawa yadda ya kamata. Abin da ya fito ya yi ruwa-ruwa, ba ya shimfiɗuwa. Uwar ta ce, "Kin gani? Tun kakata aka san tafasasshiyar madara ba ta cuku. Malamanku ba su gaya muku ba?" Mahaifin yana daga bakin zaure yana saurare, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mata zafi a kan dariyar ƙannenta.

Ana iya cewa a wannan rana karatunta ya fara. Ta koma Tilaberi da tambayar da ba ta cikin takardun darasi, tambayar da mahaifiyarta ta ba ta. Ta kai wa wani malaminta, shi kuma bai kore ta ba. Ya ce ta je ta bincika ta dawo. A nan ta gano cewa tsohuwar tana da gaskiya, kuma kimiyya ta san dalili: zafin tafasa yana sauya sinadaran gina jiki da ke cikin madara, ta yadda ruwan tumbin ba ya iya haɗe su su yi ƙarfi. Ta kuma gano cewa littafin ma yana da gaskiya, ita ce ta yi masa gajeriyar fahimta. Ba sai an tafasa ba. Idan aka ɗumama madara zuwa digiri 63 aka riƙe ta a haka minti 30, ƙwayoyin cutar nan suna mutuwa, madarar kuma ba ta rasa kamawarta. Tsakanin ilimin uwar da ilimin makaranta akwai ɗan siririn wuri inda duka biyun suke da gaskiya, kuma ba mai iya gano shi sai wanda ya zauna a gindin murhu ya kuma zauna a aji.

Da ta kai shekara ta uku, lokacin da ɗalibi ke fita aikin fili domin rubuta kundin kammala digirin lisans, ta roƙi a bar ta ta yi nata a gida, a kan cukun matan ƙauyensu, aka amince. Ta sayo ma'aunin zafi a Yamai. Aikin bai zo da sauƙi ba. Riƙe madara a zafi ɗaya tsawon rabin awa a kan wutar kara abu ne mai wuya, kuma itace yana da tsada a ƙasar da bishiya ta yi ƙaranci. Wata tsohuwa ce ta kawo dabarar a ɗora ƙaramar tukunyar madara cikin babba mai ruwan zafi, a janye wutar, a rufe da buhu. Wasu matan sun karɓa, wasu sun ce cukun ya rasa ɗan ɗanɗanon da masu saye suka saba da shi, suka koma yadda suke yi. Ta rubuta duka biyun a kundinta, da Faransanci, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

A nan ne labarin wannan yarinya ya zama maganar malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Hausawa suna cewa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Jami'o'in jihohi rijiyoyi ne da aka haƙa da dukiyar talakawa, kuma akwai ruwa a cikinsu. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundaye a kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, da ajiyar wake, da ciyawar dabbobi, da tamowar yara. Gugan da zai fito da wannan ruwa shi ne harshe. Muddin kundin ya tsaya a harshen da manomi da makiyayi da mai cuku ba sa ji, to ko a tsakiyar kasuwar Filinge aka gina jami'ar, nisanta da su bai ragu ba. In kuwa an juya shi zuwa bakin mutane, kilomita 300 ba wani abu ba ne.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Abdu Mumuni da kansa, a littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Tun 1973 aka fara gwajin makarantun firamare masu koyarwa da harshen gida a Damagaram. A Zariya, jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da cibiyar binciken noma a Samaru da ta kiwo a Shika, tana kuma da sashe na musamman wanda aikinsa shi ne ya ɗauki sakamakon bincike ya mai da shi ƙasidu da shirye-shiryen rediyo, da yawansu da Hausa. A Amurka ma, jami'o'in noma da dokar 1862 ta haifar ba su gama shiga gonaki ba sai da wata doka ta 1914 ta kafa malaman gona masu kai bincike har ƙofar manomi. A Nijar kuwa, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma doka ba ta fassara kundi. Mutum ne ke zama ya yi. Kuma a jiha irin Tilaberi, abin da aka yi wa Hausa dole a yi wa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Gurmanci, in ba haka ba an gyara guga ɗaya an bar huɗu a yage.

Aikin bai fi ƙarfin masu karanta wannan shafi ba. Ana iya neman kowane kundin da aka rubuta a kan wani gari ya zo da taƙaitawar shafi biyu cikin harshen mutanen da aka yi wa tambayoyi, a kuma karanta ta a gabansu kafin a rufe maganar digiri. Malamin Hausa na lise yana iya zama da ɗalibin jami'a a lokacin hutu su nemo kalmomin da suka dace, domin shi ya san rubutun harshen, ɗalibin kuma ya san fannin; wanda ya fi su duka sanin sunan ciyawa da na cuta yana nan zaune a ƙofar gidansa, sai dai a je a gaishe shi. Ƙungiyar al'adu da ke shirya wasan kwaikwayo da kalankuwa tana iya ware dare ɗaya a shekara ga ƴaƴan gari da suka gama karatu, kowa ya tsaya ya faɗi abin da ya gano, dattawa su yi masa tambaya. Gidajen rediyon karkara kuma kullum suna neman abin da za su watsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da yake jiran a gina sabon bene.

Ita dai yarinyar ba ta jira kowa ba. Bayan ta kare kundinta a gaban malamai a Tilaberi, ta dawo gida da kwafi ɗaya mai baƙin bango. Dare uku ta yi tana juya shi zuwa Hausa a cikin tsohon littafin rubutu, tana tsayawa a kan kalmomin da suka ƙi juyuwa, tana zuwa ɗakin mahaifiyarta ta tambaya. Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin aduwa, matan da ta yi aiki da su suka zauna, maza suka tsaya daga baya. Ta karanta. Sau biyu aka katse ta. Wata ta ce ba haka ake kiran asabarin shanya ba a wajensu, aka gyara. Tsohuwar da ta kawo dabarar tukunya biyu ta tambaya ko an rubuta cewa ita ta kawo. Aka nuna mata wurin, ta sa yatsa a kai ko da yake ba ta karatu.

Da aka watse, mahaifin ya karɓi kundin Faransancin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya mayar mata. Sannan ya karɓi littafin Hausar ya sa a aljihun rigarsa.

"Wancan na malamanki ne, ki adana musu," in ji shi. "Wannan shi ne kuɗin karsanata."

Har yanzu motar Filinge sai ta bi ta Yamai kafin a kama hanyar Tilaberi, kuma har yanzu rabin matan ƙauyen da ɗanyar madara suke cukunsu. Amma a damina ta gaba, da ƙanwar yarinyar ta ci jarrabawar shiga lise, ba a yi kwana uku ana shawara ba. Allah ya sa a dace.